Dambun Cikin Talotalo

Safiyar ƙaramar Sallah ta shekarar 2001, wadda ta faɗo a tsakiyar watan Disamba, ta same ni tsaye a kan kujera 'yar tsugunno a kicin ɗinmu na unguwar Karama a birnin Dubai. An naɗe mini hannun riga har kafaɗa, hannuna na dama kuma ya nutse cikin talotalo har gwiwar hannu. Shekarata tara. Kabbarori suna tashi daga lasifikar masallacin bayan gidanmu, Abba da yayana Sadiƙ sun riga sun sauka da dardumarsu, sabuwar atamfata kuwa tana ninke a kan gado ban ko taɓa ta ba. Cikin tsuntsun sanyi ƙalau ga santsi, ina ta yamutsa fuska. A damana kakata ce Hajiya, mahaifiyar Abba, zaune da baƙin tabarau a fuskarta da kwanon dambu a cinyarta. A haguna Umma ce, ta riƙe ƙafafun talotalon kada ya zame daga tire.

"Kada ki danna, Takwara," in ji Hajiya. "Zuba ki bar masa wurin numfashi. Dambu in aka matse shi tuwo yake komawa."

Sunanta aka sa mini, shi ya sa kowa a gida yake kirana Walida, ita kaɗai ke ce mini Takwara. A shekarar nan ban je Idi ba, kuma har yau ban ji na yi asara ba.

Gidanmu yana hawa na huɗu a wani tsohon bene mai launin ƙasa, irin waɗanda suka cika Karama a wancan lokaci. Ɗaki biyu ne da falo, sai baranda wadda ba ta fi tabarma ɗaya ba. Abba injiniyan lantarki ne a wani kamfanin gine-gine, Umma kuma tana koyarwa a makarantar ƙananan yara. Maƙwabtanmu Indiyawa ne da 'yan Sudan da 'yan Filifin, don haka in kana hawa matakala da yamma sai ka ratsa ƙamshin girki kala huɗu kafin ka iso namu na daddawa. Ba mu da tsakar gida, matakalar nan ita ce tsakar gidanmu. A kanta muke carafke da duwatsun da muka tsinto a filin yashi inda samari ke buga ƙwallon kurket da sanda, a ƙasanta muke zana 'yar gala-gala da guntun allin da muka kwaso a aji, mai gadin benen yana bin zanen da tsumma yana ta faɗa da yaren da ba ma ji. Aikina in na dawo makaranta shi ne tsince shinkafa, da sayo burodin Iraniyawa a shagon ƙasa, mai zafi a naɗe cikin jarida, sai na gutsuri gefensa kafin in kai hawa na biyu. Ni ce kuma mai shayar da zogalen Umma. Guda ɗaya ne tak, a cikin tsohon bokitin fenti a baranda, ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki nake tarawa a gwangwani in zuba masa. Umma ba ta tsinkar ganyensa sai da dalili mai ƙarfi, kuma ko sannan ba ta wuce cikin tafi ɗaya.

Sauran gidajen Hausawa da muka sani a Dubai kaji suke soyawa da Sallah, mu kuwa talotalo ne, kuma gado ne ta ɓangare biyu. Abba ya tashi a wani ƙauye kusa da Gwarzo, inda Hajiya take kiwon talotalo da zabi, duk ƙaramar Sallah a yanka guda. Umma kuma a Jos ta tashi, inda mahaifiyarta take gasa shi a obin. A shekarun da Sallah take zuwa kusa da ƙarshen shekara, manyan kantuna suna cika da daskararrun talotalo saboda Kirsimeti, sai Abba ya ɗauko wanda ya fi kowane girma ya rungumo shi kamar jariri har hawa na huɗu. A kan tsuntsun babu saɓani. Saɓanin yana kan abin da za a ci da shi, da kuma inda za a dafa abin. Gidanmu ya rabu biyu, 'yan ciki da 'yan waje. Abba da Sadiƙ su ne 'yan ciki, masu cewa haɗin da ba a cusa shi cikin talotalo ya dahu a can ba, shinkafa ce kawai aka ajiye kusa da nama. Ni da Umma mu ne 'yan waje.

Umma nata haɗin da shinkafa take yi. Takan tafasa ta rabin dahuwa, ta soya albasa har ta yi ja, ta yanka hanta da ƙundu ƙanana ta zuba, sannan gyaɗa da citta da masoro. Bayan zuwanta Dubai wata maƙwabciya 'yar Sudan ta koya mata sa zabibi da kirfa, ta karɓa ta ƙara a kan na mahaifiyarta. Sai ta baza a tire ta sa a obin har samansa ya yi ƙanzo, ƙanzon nan kuwa shi ya sa na shiga jam'iyyarta. In aka tambaye ta dalilin da ba ta cusawa a ciki, cewa take, "Abin da aka kulle a duhu, wa ya san ko ya nuna? Ni ina son in ga abincina da idona." Ɗalibai da samarin 'yan kasuwa da ke zuwa mana gaisuwar Sallah ba sa barin ko ƙwaya a tiren. Amma duk shekara, in Abba ya ci ya ƙoshi ya wanke hannu, sai ya jingina da bango ya ce, "Allah ya yi albarka, ya yi daɗi. Amma da kin ɗanɗani na Hajiya." Daga nan ya shiga ba mu labarin dambun da mahaifiyarsa take cusawa ta ɗinke da zare, yadda in an farke tururinsa yake kaiwa har zaure. Ban taɓa jin Umma ta mayar da magana ba. Wata shekara ta gwada bisa kwatancensa, abin ya fito a caɓe, ya ci kaɗan don kara ya ce akwai abin da ya rage. Ba ta sake gwadawa ba. Ina yarinya, amma na lura duk sanda ya faɗi maganar nan takan tashi ta fara kwashe kwanuka tun ba a gama ci ba.

Ana saura mako uku a fara azumin shekarar Hajiya ta iso. Yanar ido ce ta rufe mata ido biyu, Abba ya kawo ta a yi mata aiki. An yi na dama lafiya, likita ya ce na hagu sai bayan Sallah, kuma sai in jikinta ya yi ƙarfi. Aka hana ta sunkuyawa, aka hana ta zuwa kusa da hayaƙi da rana. Ɗakinmu aka ba ta, ni ina kwana a ƙasa kusa da ita, Sadiƙ ya koma falo. Abba ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunansa, Injiniya take ce masa. A makon farko tana da barkwanci. Ta leƙa baranda ta ce, "Kun rataye kanku a sama kamar tantabaru." Ta ƙi zama a kujerar falo, ta ce tana haɗiye mutum, sai aka shimfiɗa mata tabarma. Amma da kwanaki suka tafi sai maganar ta ragu. Matar da ta saba tashi tun asuba ta buɗe akurki, ta watsa wa kaji tsaba, ta share tsakar gida ta hura wuta, ga ta a ɗakin da in ta miƙa hannu za ta ɗauki wani abu sai an riga ta. Mu muna makaranta, iyayenmu suna aiki, ita tana zaune da carbi daga safe har la'asar. Ta ƙi ajiye azumi. In an sha ruwa ta ci dabino ɗaya ta kurɓi kunu, ta ture kwanon. Zobenta na azurfa ya fara zamewa daga yatsa, har ta ba ni ta ce in ajiye mata.

Wata rana bayan shan ruwa, ina kwashe kofuna, na ji ta ce wa Abba, "Injiniya, ka sama mini jirgi. Ido ɗaya ya ishe ni ganin alƙibla."

"Hajiya, saura ɗaya fa. Ki daure, bayan Sallah da mako biyu za a yi."

"In an buɗe shi me zan gani a nan? Bango?"

Ya lallashe ta, ya kira ƙannensa a waya su ma suka sa baki, ya ce zai kai ta bakin teku ta sha iska. Ta ce ta gode, ta ga ruwa a Tiga. Na ga Abba ya fita baranda ya tsaya ya daɗe. Shi mutum ne mai gyara abin da ya lalace, wannan kuwa bai san ta ina zai kama ba.

Da Alhamis ta zo, wadda a lokacin hutu ce, Umma ta ce in sa hijabina in raka ta. Muka hau bas zuwa bakin ruwa, muka shiga kwalekwalen katako muka haye zuwa unguwar Deira, muka kutsa cikin lungunan kasuwar Murshid Bazaar, inda masu tura kaya ke ta neman hanya, ƙarar salatif da ake naɗe kwalaye da shi ta cika ko'ina. A saman wani shagon atamfa muka sami Anti Rabi, ƙawar Umma 'yar Kano mai zuwa sarin kaya. Irin matan nan ba sa tafiya sai da abincinsu na gida. Umma ta faɗa mata abin da take nema, Anti Rabi ta yi dariya ta kira sunan Umma ta ce, "Tsaki a Dubai? Khalas, shi ke nan, Bilkisu, kin koma ƙauye." Amma ta buɗe jaka ta ɗebo mana tsakin masara, da ƙuli-ƙuli, da man shanu a kwalbar magani, ta ce a gaida Hajiya.

Da muka dawo Umma ta juye tsakin a tire, ta je gaban tabarmar Hajiya ta durƙusa ta ajiye. "Hajiya, shekara goma sha biyu ina jin labarin dambun nan naki, na gwada ban iya ba. Ki koya mini kafin ki tafi."

Hajiya ta jawo tiren gabanta. Ta sa hannu cikin tsakin ta murza shi tsakanin yatsu, ta kai hanci ta shinshina. Can ta ce, "Wanda ya ɓarza wannan ganda ya yi, da sauran dusa a ciki. Kawo faifai."

Ba mu da faifai, sai wani tiren roba aka ba ta. Ta sa na kama hannunta zuwa ƙofar baranda, ta zauna ta fara sheƙe tsakin, dusa tana tashi tana sauka a kan shanyar Indiyawan hawa na uku, sai da Umma ta sauka ta ba su haƙuri. Tun daga ranar gidan ya canza. Hajiya ta ce ba a koyon dambu da baki, kuma ba za ta ɓata talotalon Sallah da gwaji ba, sai an fara da kaza. Ba mu da madambaci, ta sa aka ɗora gwagwar ƙarfe a kan tukunya aka naɗe bakin da tsumma mai jiƙa. Tana zaune a ƙofar kicin inda tururi ba ya kai mata, tana ba da umarni. A wanke tsaki sau uku a tsane. A turara rabin dahuwa, a sauke a barbaza da hannu tun da zafinsa. A daka ƙuli-ƙuli amma kada ya zama gari. Albasa ɗanya, attaruhu, daddawa kaɗan, man shanu a ƙarshe. Ba ta da ma'auni sai tafin hannunta, Umma kuwa tana biye da ita da kofi tana aunawa a ɓoye. In an sha ruwa dole Hajiya ta ɗanɗana ta faɗi abin da ya rage, kuma loma ɗaya ba ta isa a gane, sai ta ƙara. Kaza uku muka ci a kwana goma na ƙarshen azumi, kowace da laifinta, kuma kowace Hajiya ta ci rabonta. Sai daga baya na gane cewa Umma ba ta damu da a yi saurin iyawa ba.

Ranar da Abba ya shigo da talotalon Hajiya ta ƙwanƙwasa shi da yatsa ta ji kamar dutse. Ta ce, "Wannan jimina ce ko talotalo? Wa ya yanka shi?" Sai da Sadiƙ ya karanta mata rubutun Larabcin da ke jikin ledar, cewa yankan Musulunci ne, sannan ta yarda, amma ta ce tsuntsun da bai taɓa bin yaro da gudu ba ba za a ji daɗin namansa sosai ba. Kwana biyu ya yi a ƙasan firji yana narkewa. Ranar jajibiri Hajiya ta ce busasshen zogale ba zai yi ba, ɗanye ake so. Umma ta fita baranda da kwano ta zage zogalenta tas, ba ta bar masa ko ganye ɗaya ba. Ni da na shekara ina shayar da shi sai da na yi ƙwalla. Ta ce, "Zai sake tohowa, Walida."

Hannun Umma ya yi girma, bai iya kaiwa can ƙuryar cikin tsuntsun ba, Hajiya kuma an hana ta sunkuyawa, shi ya sa aka ɗora ni kan kujera a safiyar Sallah. Da na gama zubawa Hajiya ta ce a kawo allura babba da farin zare. Ni na zura mata zaren. Umma ta matso mata da tiren kan cinya, ta lalubo fatar ta haɗa baki biyu ta fara ɗinki, ba ta ko dubawa, yatsunta ne suke gani. Ɗinkin ya fito a jere kamar na bakin zane. Ta ciji zaren ta tsinke, sannan ta juya wajen Umma.

"Ina naki?"

"Bana naki kaɗai za a ci, Hajiya."

"A'a. Ban zo garin nan in kashe miki murhu ba. Takwara ta ba ni labarin wata shinkafa mai ƙanzo. Ɗora."

Umma ta so ta yi musu, Hajiya ta ce ai ita ba ta ji da kunnen hagu in ana gardama. Haka Umma ta ɗora shinkafa a gurguje. Obin ɗinmu ƙarami ne, da ƙyar talotalon ya shiga a kan ragar ƙarfe, babu wurin tire na biyu a gefe. Bayan ya daɗe yana gasuwa maiƙo ya fara ɗiga yana ƙara, Hajiya ta kasa kunne ta tambayi inda romon yake zuwa. Da aka ce tiren ƙasa yake tarewa a zubar, ta riƙe baki. "Zubarwa? Sa naki a ƙasa ya tare shi." Abin da aka yi ke nan. Dambun Hajiya a ciki, shinkafar Umma a ƙarƙashi tana shan abin da ke sauka.

Bayan azahar, kafin baƙi su fara zuwa, aka shimfiɗa leda a falo muka zauna mu biyar. Abba ya yanke zaren da wuƙa, tururi ya taso da ƙamshin man shanu da zogale. Ya ɗebi dambun da hannu ya kai baki, ya rufe ido ya daɗe yana tauna. "Wannan shi ne," ya ce. Ya juya wajen Umma. "Kin ji abin da nake faɗa miki?"

Hajiya ba ta taɓa dambun ba. Ta miƙo farantinta ta ce a zuba mata shinkafar, har da ƙanzon, ta jiƙa shi da romo saboda haƙori. Ta ci a natse, ta tsinci zabibi ɗaya ta duba shi da idonta mai gani, ta cinye, ta nemi ƙari. Sannan ta ce, "Injiniya, ka san abin da ya sa nake cusa dambu a cikin talotalo?"

Ya ce saboda ya fi daɗi.

"Gidan mahaifinka ya fi mutum ashirin, talotalo kuma ɗaya ne. Cinya ta Malam da baƙinsa. Ƙirji na ƙannensa da matansu. A kai wa liman, a kai wa maƙwabta. Ku yara me zai rage muku? Sai na ce bari in dafa dambu a cikinsa ya sha maiƙo da romo, in dunƙula wa kowane yaro, in ɗora masa ɗan fata a kai. Kai kana tsammanin nama ka ci. Ba gwaninta ba ce, dabarar rashi ce."

Abba ya tsaya da loma a hannu. Ya ce, "Ke fa, Hajiya, me kike ci?"

"Zaren nake tsotsa," ta ce, tana dariya. "Yana da daɗi fa, shi ya fi kowa shan romo."

Sadiƙ ya yi dariya, ni ma na yi. Abba bai yi ba. Hajiya ta nuna Umma da haɓa ta ci gaba. "Yarinyar nan ta ba ka nama har ka ture, ta ba ka shinkafa da hanta da zabibi, shekara da shekaru, kai kuma kana ta yi mata kukan dambu. Abin da ka ji a bakinka kana yaro yunwa ce ta sa masa gishiri. Ba wanda zai iya dafa maka shi kuma, har ni."

Abba ya ɗauki wuƙa ya yanko tsokar ƙirji inda ta fi laushi, ya yayyanka ƙanana ya zuba a farantin Hajiya. Ya sake yanko wata ya sa a na Umma, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Maman Sadiƙ, ki yi haƙuri."

Umma ta sunkuyar da kai saboda kunyar Hajiya, ta ce, "Ci abincinka kada ya huce."

Hajiya ta cinye naman nan duka. Da la'asar baƙi suka cika gidan, takalma har matakala, aka ci dambu aka ci shinkafa, gardamar 'yan ciki da 'yan waje ta koma bakin ɗalibai, kowa yana kare abin da ya fi so. Ba wanda ya sake yi wa Hajiya maganar asibiti. Kwana uku bayan Sallah, tana shan kunun safe, ita da kanta ta ce wa Abba, "Yaushe likitan nan ya ce? A buɗe ɗayan, in ga abin da nake ci da kyau." Aka yi aikin lafiya. Ta zauna da mu har bayan babbar Sallah, ta koya mini tuƙa tuwo da ɗaure kallabi, ta karɓi zobenta ya zauna daram a yatsa, sannan ta koma ga kajinta. Shekara shida ta ƙara a duniya, da idonta biyu.

Daga shekarar nan haka ake yi a gidanmu, dambu a ciki, shinkafa a ƙasa. Abba bai fasa son dambu ba, ni ma ban bar ƙanzo ba, amma maganar nan tasa ta bayan cin abinci ban sake jin ta ba. Bayan na girma na yi aure, wata rana muna yanka albasa na tambayi Umma ko da gaske koyon dambun take so a wancan lokacin, ko dabara ce kawai don Hajiya ta ci abinci. Ta ce, "Rabi da rabi." Ta goge ido da bayan hannu ta ƙara da cewa, "Mutum in ya saba a ci daga hannunsa, ba ya iya ci daga hannun wani sai an bar shi ya ba da wani abu." Ina yawan tunanin yadda ta ɗauki abin da aka shekara goma sha biyu ana auna ta da shi, ta je ta durƙusa ta roƙa a koya mata. Ni da nake 'yarta ban tabbata zan iya ba.

Yanzu ina zaune a unguwar Warsan, nan Dubai, da maigidana da 'ya'yanmu biyu. Abba ya yi ritaya, shi da Umma sun koma Kano, Sadiƙ yana wata ƙasa da iyalinsa. An rushe benenmu na Karama an gina wani mai gilashi a wurin. Sallah ta bar ƙarshen shekara, don haka tun Disamba nake sayen talotalo in ajiye a firiza ya jira ta. Tsaki ba sai na haye ruwa ba, saƙo ɗaya zan tura a kawo mini har ƙofa. Obin ɗina yana cin tire uku. Ina cusawa, ina ɗinkewa, ɗinkina a karkace, ina kiran Umma a waya in nuna mata ta ce na cika man shanu. 'Ya'yana suna tsince zabibi su tara a gefen faranti, su ce dambu yana maƙale musu a wuya, su ci tsoka biyu su koma kan wayoyinsu. Baƙi ma sun ragu, kowa da inda aka gayyace shi. Sai mu kwana huɗu muna ɗumame, har maigidana ya fara roƙon a yi miyar kuka. In ina naɗe ragowar a leda nakan tuna gidan da ban taɓa gani ba, mai mutum fiye da ashirin da tsuntsu ɗaya, da matar da ta san yadda za ta sa kowane yaro ya tashi yana lashe hannu. Ita nama ne bai ishe ta ba, ni kuwa masu ci nake nema.